Mangwaron Haliru a Gonar Cindo

Yayana Cindo manomin albasa ne a Tungan Ɗorawa, wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, tsakanin Wara da Yauri. Da yatsu shida a hannun hagu aka haife shi, shi ya sa sunan. Inna ta hana wanzami ya cire na shidan, ta ce yadda aka ba ta shi haka za ta riƙe abinta. Ni ce autarsu, sunana Jummai, bandar kifi nake yi a tashar jiragen ruwa. Mutane kan ce duk bakin da aka hana Cindo ni aka haɗa wa, kuma ban taɓa musu ba.

Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Wani ya taɓa aron injin ban ruwansa ya dawo da shi a lalace, Cindo ya karɓa, har da yi masa sannu da ɗawainiya. Matarsa Asibi, kafin ta rasu, takan ce ta fi jin hira daga bakin akuyarsu. 'Ya'yansa maza biyu sun daɗe da barin gida, ɗaya yana Kwantagora, ɗaya yana Ikko, sai waya jefi-jefi. Shi kaɗai yake kwana a ɗakinsa, ni nake aika masa da tuwo. Gidanmu kuwa kowa da inda ya dosa. Cindo coci yake zuwa ran Lahadi, ni na auri Musulmi na bi shi, Baba Dogo ƙanen mahaifinmu yana nan kan al'adar kakanni. Da Sallah da Kirsimeti duk tukunya ɗaya muke ci, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani hanci.

Gonar da Cindo yake nomawa ta gado ce, ta dangi, ba tasa shi kaɗai ba. Ta faro daga inda ruwa yake janyewa da bazara ta haura har tudun da ruwa ba ya kaiwa. Baba Dogo ne babba, shi ke da ta cewa a kanta, amma tun rasuwar mahaifinmu Cindo ke riƙe da ita. Ya san ta kamar tafin hannunsa. Da kaka ya yi renon iri, sanyi na shigowa ya yi dashe, daga nan sai ban ruwa safe da yamma har albasa ta kwantar da kai. 'Yan kasuwa daga Yelwa sukan zo takanas su nemi tasa, don ba ta saurin ruɓewa a buhu.

A wajenmu aron gona ba wani abu ba ne. Baƙo ya zo, ka yanka masa gefe ya noma, da kaka ya kawo maka ɗan abin da ya samu, shi ke nan. Amma akwai ka'ida biyu da ko yaron goye ya tashi da su a kunne. Ta farko, ba a dasa itace a gonar aro. Gero, masara, albasa, duk abin da za ka girbe ka tafi da shi, bismilla. Itace kuwa zama yake yi, wanda ya dasa shi yana cewa ne nan wurina ne, ni da zuriyata. Ta biyu, bakin da ya ba da aro shi kaɗai ke karɓe shi. Ko Baba Dogo ba shi da ikon ce wa baƙon Cindo ya tashi.

Shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan wajen Wasagu, sai ga mutane a manyan motoci. Ƙauyukan mazaɓarmu da ke bakin titi su suka fara ganinsu: mata da yara a saman kaya, tabarmi, tukwane, wani da akuya a rungume. Ganin ke nan kawai, don motocin ba su tsaya musu ba. Wurinmu aka sauke wasu, saboda makarantar firamarenmu tana da azuzuwan da ba kowa a ciki.

Ba zan ce mun tarbe su da guɗa ba. Itacen girki ya yi wuya, rijiya ta koma sai layi, kuma mazansu suna karɓar ƙwadago a kan abin da samarinmu ba za su karɓa ba. Ni kaina ranar farko da na haɗu da Safiya, matar wani mai suna Haliru, faɗa muka yi a kan wani kututture da kowaccenmu ta ce ita ta fara gani. Na zazzaga mata, ta zazzaga mini, na ce lallai wannan ta iya. Kafin wata ya ƙare tana zaune gefen bandata tana taya ni fasa kifi, ina shan furar da ta dama, irin wadda mu nan ba mu iya ba. A nan take ba ni labarin ƙanenta da aka shiga daji da shi, har yau shiru. Haka abin ya bi kusan kowane gida. Da tsohuwar maƙwabtanmu ta rasu, mazan baƙin ne suka riga kowa zuwa haƙar kabari. Da jirgin Sunday mai dakon kaya ya kafe a yashi, su da ba su iya ko iyo ba suka shiga ruwa har ƙirji suna turawa.

Haliru ya fara zuwa gonar Cindo ne a matsayin ɗan ƙwadago. Dogo ne siriri, mai yawan magana da dariya, ko da yake in ya yi shiru sai ka ga idonsa ya tafi wani wuri. Manomin gero da dawa ne, bai taɓa dasa albasa ba. Ranar farko ya binne irin har wuya, Cindo ya bi bayansa yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba. Na zaci ba za su kai mako ba. Sai ga shi da rana in na kai abinci na tarar da su a inuwar rumfa, Haliru yana ta zuba, yayana yana gyaɗa kai, wani lokaci har haƙoransa a waje. Rabon da in ga haƙoran Cindo tun Asibi na da rai.

Da shekara ta zagayo, Cindo ya kai Haliru gaban Baba Dogo ya shaida masa cewa shi Cindo ya ara wa Haliru gefen tudu. Baba Dogo ya amince. Haliru ya kafa bukka biyu a bakin gonar, ya kwashe iyalinsa daga makaranta. Baba yake kiran Cindo, yaransa kuma suna ce masa Kaka. Abin da Cindo bai yi ba shi ne faɗa masa ka'ida. Na tambaye shi, ya ce, “Jummai, mutum ya baro gidanai a guje, ka ba shi wurin kwanciya, sannan ka hau yi mai doka? Sai ya ce ina zarginai da wani abu.”

A daidai lokacin ne Alhaji Almustapha ya sake fitowa takarar kansila. Ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin titi ne, yana sayar da kayan injin jirgi a Yelwa. Ya taɓa tsayawa ya sha ƙasa, saboda ba abin da ya iya faɗa sai rijiyar burtsatse da taki, wanda kowa ke faɗa. Wannan karon ya samo abin faɗa. Motarsa da lasifika tana zagaya kasuwanni, yana cewa “Ƙasa tamu ce!” yaransa suna amsawa “Baƙo ya koma!” Ya ce 'yan gudun hijira infoma ne, su za su jawo mana ɓarayin daji. Ya ce yau aro, gobe gado. A bakin titi magana ta zauna daram. A Tungan Ɗorawa kuwa dariya muka yi ta yi, don mun san infoman da yake nufi: ga shi can yana biyan bashin barci a gindin rumfa bayan ya kwana ban ruwa.

A zatona ni na fara ganin mangwaron. Farkon damina ne, na kai wa Cindo abinci, sai na hango wasu 'yan tsirrai a jere a kan iyakar tudu, an kewaye kowanne da ƙaya don awaki. Na matsa na duba. Wallahi sai da kwanon ya kusa suɓuce mini. Na ɗaga kai na ga Cindo tsaye yana kallona, na gane ya riga ni gani.

Ashe tun lokacin mangwaro Haliru yake tara ƙwallaye. Ya shuka su a ledojin fiya wata a bayan bukkarsa, yana ba su ruwan da ya yi alwala, har suka yi ganye. Da ruwan sama ya sauka ya dasa su, ya kira Cindo ya nuna masa yana murna. Ya ce ba shi da abin da zai saka masa da shi, amma a garinsu in mutum ya yi maka alherin da ya fi ƙarfinka, itace kake dasa masa, duk wanda ya sha inuwa ko ya ci 'ya'yan ladan na mai gona ne har bayan ransa.

Na ce, “Yaya, mi kac ce mai?”

Ya ce, “Na ce na gode.”

“Ka gode? Yaya, kana da hankali kuwa? Ka san lokacin da muke ciki? Tahi yanzu ka hwaɗa mai ya tuge su, ko ni in tahi.”

Ya riƙe mini hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in bari. Ya ce shi ne abu na farko da mutumin nan ya ba wani tun da ya baro gida, ba zai mayar masa da shi a fuska ba. Dabararsa wai ya bari a gama zaɓe, hankali ya kwanta, sannan ya ce wa Haliru ƙasar wurin ba ta karɓar mangwaro, su mayar da su ƙofar gida. Na yi ta masifa har na gaji. Maganar gona ta maza ce, kuma shi ne babba, na ja bakina ina tafasa.

Har yau ban san wanda ya kai wa Almustapha labari ba, ko da yake ina da wanda nake zargi. Ranar kasuwarmu da hantsi ya iso da motoci da babura. Maimakon ya tsaya a filin kasuwa kamar yadda aka saba, sai ya sauko ya ce jama'a su biyo shi, yau ido zai gani. Na bar kifina a kan wuta na bi su da gudu. Kafin in kai, gonar ta cika, an tattake masarar mutane, samari kowa ya ɗaga waya sama. Cindo yana tsaye a tsakiya da fartanya a hannu.

Almustapha ya nuna tsirran da sandarsa, ya ce cikin lasifika, “Jama'a, wanga mi ne? Gero ne? Masara ce? Kowa nan ya san abin da itace ke nuhi a gonar aro. Malam Cindo, kai dattijo ne, hwaɗa wa duniya: wa yad dasa?”

Baba Dogo yana gefe, an riƙo shi ya zo. Cindo ya matso gaba. Sai na ji ya ce, da murya mai ƙarfin da ban san yana da ita ba, “Ni nid dasa su. Gonata ce, na dasa abina.”

Na yi mutuwar tsaye. Shekaruna hamsin da wani abu a duniya ban taɓa jin yayana ya yi ƙarya ba, ban kuma taɓa jin ya yi magana a taron da ya wuce mutum uku ba. Yau ga shi ya haɗa biyun a gaban kasuwa guda. Mutanen garinmu suka fara gunaguni, wani ya yi dariya, wata ta ce to Alhaji sai a koma kasuwa. Fuskar Almustapha ta canza, wayoyi suka fara sauka. Na ce a raina Allah ya rufa asiri.

Sai ga Haliru. Daga bakin ruwa yake, ƙafarsa duk laka. Ya hango taro ya kewaye Cindo, ya ji ana maganar itace, bai ji farkon zancen ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne ana tuhumar tsohon da wani laifi a kan abin da shi ya yi. Ya ratso mutane ya tsaya gaban Cindo, ya buɗe hannuwa. Na ƙwala masa kira, hayaniya ta danne muryata.

Ya ce, “Ku bar dattijon ga, don Allah! In laihi ne, nawa ne. Ni nid dasa su da hannuna, shi bai ko sani ba sai da nig gama.” Da ya ga an yi shiru ana saurarensa, sai ya ɗauka an fahimce shi, har ya yi murmushi. Ya ƙara da cewa, “Alheri ne kawai. In Allah ya so, ɗiyana da jikokina su sha inuwarsu nan tare da nashi.”

Innalillahi. Na ji Safiya a bayana tana tambayata, “Yaya Jummai, mi ya hwaru? Mi yac ce?” Na kasa juyawa in dube ta. Almustapha ya miƙa wa yaronsa lasifika ya koma mota. Ya samu abin da ya zo nema, har da ƙari.

Sunday ne ya ja Haliru gefe ya yi masa bayani. Ina kallo daga nesa na ga murmushin yana barin fuskarsa, ya dafe kai da hannu biyu, ya durƙusa. Da ya tashi ya nufo Cindo, ya ce, “Baba, don mi ba ka hwaɗa mani ba? Kalma guda, Baba.”

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, “Kunyarka nij ji.”

Nan take Haliru ya bi layin yana tumɓuke tsirran da hannu, ƙaya tana yankarsa bai ko kula ba. Ya tara su ya kai gaban Baba Dogo ya ajiye, ya ba da haƙuri har yana hawaye. Wannan ba wanda ya ɗauka a waya.

Abin da aka ɗauka ya isa ko'ina kafin la'asar. An yanke gaba, an yanke baya, an bar Haliru yana murmushi yana cewa “ɗiyana da jikokina su sha inuwarsu nan.” Ko “tare da nashi” ba a bari ba. Kwana biyu bayan haka na kai kifi kasuwar bakin titi, wata ƙawata da muka yi shekaru muna ciniki ta tura mini wayarta a fuska. Ta ce ga irin mutanen da muke goyo, sun cinye gonar yayana, saura gidajenmu. Na ce mata ina wurin aka yi, ba haka ba ne. Ta ce ai ni an shanye ni da fura. Na tambaye ta ko ta taɓa gaisawa da ɗaya daga cikinsu. Ta ce Allah ya kiyaye, mi zai haɗa ta da su, ai ta gan su a mota da idonta. Ita da ba ta san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, ita ke ba ni labarin halinsu, ni da muke ci a kwano ɗaya da su.

Ranar zaɓe Tungan Ɗorawa ta fito kamar ana rabon taki. Tsofaffin da suka daina zuwa rumfar zaɓe tun tuni sai ga su da sanda. Har waɗanda suka fi kowa ƙorafin itace da layin rijiya, da samarin da aka karya wa farashin ƙwadago, na ji da kunnena suna cewa ba za a yi wannan rashin mutunci da hannunsu ba. Da aka ƙirga akwatinmu, abin da Almustapha ya samu ko yaransa sun ji kunyar faɗa. Muka yi ta murna kamar wawaye. Ba mu san ƙauyukan bakin titi da na tudu, inda ko ɗan gudun hijira ɗaya bai taɓa kwana ba, sun juye masa akwatunansu gaba ɗaya ba. Sun fi mu yawa. Ya ci.

Sabon kansila ba shi da ikon korar kowa, kuma bai ce ya kori kowa ba. Saƙo kawai ya riƙa zuwa ta bakin mutane, cewa in an zo rabon taki da injinan ban ruwa, garin da baƙi ke riƙe da gonaki kada ya sa rai. Wasu masu gona suka fara karɓe aronsu a hankali, suna ba da haƙuri, suna kauce wa ido. Amma kowa gonarmu yake kallo, don a kanta aka yi abin.

Baba Dogo ya tara dangi da safe a ƙofar gidansa. Mata ba su zama a irin wannan, amma na zauna a bakin zaure na ce a zo a ɗaga ni. Ba zan yi wa tsohon ƙarya ba, bai tsani Haliru ba. Ya ce itacen kuskure ne, an tuge, ya wuce. Abin da bai wuce ba, Cindo ya tsaya gaban duniya da gabansa ya yi ƙarya a kan gonar kakanni, ya fifita baƙo a kan jininsa. Ya ce duk da haka akwai gyara, kuma mai sauƙi ne.

“Cindo, kai kab ba da aro, kai ka karɓa. Tahi ka ce wa yaron ga ka karɓi gonarka. Shi ke nan, ka ci gaba da nomanka, ba mai sake tada zancen.”

Kowa ya san abin da ke ɗaya gefen. In bai faɗa ba, dangi za su karɓe gonar daga hannunsa su ba wani, kuma da ta bar hannunsa aron ya mutu da kansa. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, Haliru tashi zai yi. Bambancin kawai ko Cindo ya tsira da gonar da ya yi shekara arba'in yana zuba wa gumi, ko ya rasa ta a banza. Ni da nake son Safiya kamar ƙanwata, a raina cewa nake, faɗi mana, Yaya, faɗi kawai. Haliru ma ya aiko Sunday tun da sassafe yana roƙonsa ya faɗa, ya ce wallahi ba zai riƙe shi a zuciya ba.

Cindo ya ɗago kai. Sannan ya ce, “Baba, ni nic ce mai ya zauna. Ba ni iya ce mai ya tashi.”

Baba Dogo ya sake tambayarsa, ya lallashe shi, ya yi masa tsawa. Cindo ya tsaya a kan bakansa. Aka ba ɗan wani ɗan'uwanmu gonar, yaron da ko renon iri bai iya ba. Na tashi na faɗa musu abin da ya sa har yau wasunsu ba sa gaishe ni, ban kuma yi nadama ba.

Ran Laraba da safe ina hura wuta a tasha, su Haliru suka sauko da kayansu. Sun ji labarin wani mai gonar shinkafa a wajen Shanga yana ɗaukar 'yan ƙwadago, za su bi jirgin Sunday zuwa Yelwa su hau mota. Muna rungume da Safiya muna kuka na hango Cindo yana tahowa da buhu a ka, fartanya a kafaɗa. Na ɗauka kayansu yake taya su ɗauka. Ya saka buhun a jirgi, ya taka ya shiga, ya nemi wuri ya zauna tsakanin yaran.

Na ce, “Yaya, hito mana, za su tashi.”

Bai motsa ba. Sai a lokacin na lura da takalmansa na zuwa coci a ƙafarsa, na kuma gane bargon da ya leƙo daga bakin buhun. Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe gefen jirgin, ina ihu, ina tambayarsa ko ya haukace, ina zai je da tsufansa, wa ya sani a Shanga. Haliru ma ya rikice, yana rantsuwa bai san da wannan ba, yana roƙonsa ya sauka.

Cindo ya ce, “Haliru bai ƙware da dashe ba tukuna. In anka ba su albasa can, ɓata ta za shi yi.” Ya cire hannuna daga jikin jirgin a hankali, Sunday ya tada inji.

Sai bayan watanni na samu na je. Na sauka a wani ƙauye bayan Shanga, inda aka kwatanta mini, na tambayi wata mai sayar da ƙosai ko ta san Cindo na Tungan Ɗorawa. Ta ce ba ta sani ba. Na kwatanta shi, tsoho, baƙi, ba ya magana. Ta ce, “Au, tsohon nan ɗan gudun hijira, uban Haliru? Suna can bayan gari cikin bukkoki. Ki yi sauri ki gan su, don an ce bayan girbi su ma tada su za a yi, gari ya cika da baƙi.”

Na same shi a gonar wani, ruwa har ƙauri, ya sunkuya cikin layin 'yan ƙwadago, wani yaro sa'an ɗansa yana tsaye a kan kunyar gona yana daka musu tsawa su yi sauri. Ya rame. Da ya gan ni ya fito, muka zauna a gefe, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har Baba Dogo. Na kasa haƙuri.

Na ce, “Yaya, ka san mi suka kiranka nan?”

Ya ce, “Na sani.”

“To ba ka da baki? Ka hwaɗa musu kai ɗan ƙasa ne, kakanninka na kwance bakin ruwan ga, ba daga wani wuri kaz zo ba!”

Ya waiwaya ya dubi Haliru, wanda ya ɗago daga cikin shinkafa yana ɗaga mini hannu. Ya rage murya ya ce, “Yi a hankali, kada a ji. In sunka sani, ni za su ce in zauna, su ce mai ya tashi.”

Yaron ya sake daka tsawa. Cindo ya miƙe, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya koma cikin layi.